Ɗan Farin Lantana da Kura Mai Muryar Aro

Ku matso kusa. Kai Ɗanjuma, bar jan kunnen ƙanwarka ka zauna. To, ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

Yawwa, haka ake amsawa.

A wani gari, can zamanin da ake auna mutum da kunyarsa, an yi wata mata ana ce mata Lantana. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, da tsohuwar uwarsa, da gona ɗaya tilo a bakin daji. Babban ɗan namiji ne, sunansa Haladu. Ƙaramar mace ce, sunanta Yalwa.

To, Haladu shi ne ɗan fari. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba, ku da iyayenku mata ke ƙwala muku kira tun daga bakin rijiya. A da, mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana hirarsa sai ta sunkuyar da kai ta kama tsintar wake. Alkunya ke nan. Mu haka muka taso muka tarar, kuma wallahi ina kewar lokacin nan.

Lantana kuwa ta riƙe alkunya da hannu bibbiyu. In Yalwa take nema, sai ka ji, "Yalwa! Yalwata, zo in yi miki kitso." In kuwa Haladu ne, sai ta yi gyaran murya, ta dubi bango ta ce, "Randa ba ruwa, ban sani ba ko akwai mai ƙafa a gidan nan." Sai Haladu ya ɗauki tulu ya fita, zuciyarsa na suya.

Mutum ɗaya ce ke faɗin sunansa da daɗi, kakarsa Tabawa. Ita kam ba ta gajiya. "Haladu mijina, ango mai ƙaton kai, yau ma ba cefane?"

Shi kuma ya ce, "Ni na sake ki, tsohuwa. Wa zai zauna da mata ba haƙori?"

Sai su yi ta dariya. Wata rana suna ɓarar gyaɗa sai ya ce, "Kaka, ni me na yi wa Inna? Ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunana ba."

Tabawa ta ce, "Kai, ka taɓa ganin an bar tulun zuma a buɗe a tsakar gida?"

Ya ce, "Ni ina maganar sunana, ke kina maganar zuma."

Ta ce, "Za ka gane in ka yi gemu, in ma gemun ya yarda ya fito a wannan haɓar taka."

Bai gane ba. Da bazara ta zo Allah ya karɓi ran Tabawa. Yalwa dai Yaya take ce masa, Inna kuwa bango take duba. Sai gidan ya zama ba mai faɗin Haladu a cikinsa.

Sai damina ta sauka, ta yi albarka. Dawar Lantana ta tashi ta fi mutum a kan doki tsawo, ta fid da kai. Sai ga jan-baki, tsuntsayen nan masu zuwa kamar hadari, in sun sauka a gona su bar maka kara. Dawar nan kuwa ita ce abincinsu na shekara. Sai baffan Haladu ya zo ya ɗaura masa gado na itace can a saman wata tsamiya da ke tsakiyar gonar, ya tara masa duwatsu, ya ba shi majajjawa da igiyar rama mai ƙulle-ƙulle ta hawa da sauka.

Baffa ya ce, "A nan za ka zauna har a girbe. Dajin nan akwai kura. In ka hau ka janye igiyarka, kada ka sauko sai ka ji uwarka."

Ji ɗin kuwa dole ne, don ganyen tsamiyar ya yi duhu, dawa kuma ta rufe hanya. Wanda ke sama yana hangen nesa sarai, amma ba ya ganin wanda ke tsaye a gindi.

Kullum da azahar sai Lantana ta zo, ƙwarya a ka, lauje a hannu. Ba ta sallama, ba ta kira. Sai ta yi gyaran murya, ta kama magana da abin da idonta ya faɗa kai. Yau ta ce, "Ke tsamiya, kin tara inuwa kin sa masu gadi gyangyaɗi." Gobe ta ce, "Akuyar nan ta sake cinye igiyarta, ni na gaji." Jibi kuma tsuntsaye za ta yi wa faɗa. Kullum da sabuwar magana. In ta gama sai ta ajiye ƙwarya ta ce, "Ga abinci nan, in da mai ci." Sai Haladu ya jefo igiya ya sauko, ya gaishe ta, ta amsa tana duban wani wuri, ta juya baya ta shiga yankan ciyawa har ya gama. A ƙarƙashin tuwon kullum akwai wani abu a ɓoye, ko dafaffen ƙwai, ko tsokar busasshen kifi, ko ƙuli-ƙuli. Shi a zatonsa haka ake zuba wa kowa.

In ta tafi ya koma sama, sai kaɗaici ya kama shi, ya riƙa wurga majajjawa yana waƙa:

Jan-baki, ku tashi, ku tashi,
Dawar marayu ce, ku bar ta.
Kowa yana da mai kiran sunansa,
Haladu na Kaka, wa zai kira ka?

To, Kura ta daɗe tana jin ƙanshin yaron nan. Ta zaga tsamiya ta zaga, ba ta iya hawa. Tarar Lantana kuwa ba za ta iya ba, kun san Kura, ga ƙarfi ga tsoro, ko walƙiyar lauje ta gani sai cikinta ya ɗuri ruwa. Sai ta ce bari ta riga uwar zuwa.

Da hantsi sai ta zo gindin tsamiya, ta buɗe wannan maƙogwaro nata ta ce, "Kai yaro, sauko! Ni ce uwarka, na kawo tuwo."

Haladu ya ce, "Uwata ba ta haɗiyi turmi ba. Gaba dai, mai dare."

Ya sako mata dutse a ka. Ta tafi tana sosawa, ta nufi wurin Dila, malamin daji.

Ta ce, "Malam, akwai nama a sama, ya ƙi saukowa."

Dila ya ce, "In ya sauko, cinya ɗaya tawa?"

Ta ce, "Har da ƙafar."

Ya ce, "To, muryarki ce ta tona ki. Je ki sha yauƙin kuɓewa da zuma, safe da yamma, kuma kada ki kuskura ki tauna ƙashi."

Kura ta yi ta shan kuɓewa har ta rame. Ta wuce ƙashin jaki a hanya, ta tsaya ta dube shi, hawaye ya zubo mata, ta wuce. Tun da aka halicci kura ba a taɓa ganin irin wannan haƙuri ba. Sai murya ta yi laushi. Dila ya riƙa laɓewa yana sauraron Lantana, yana dawowa yana gyara wa Kura, har muryar ta zama ta Lantana sak.

Kura ta ce, "To me zan ce masa? Matar nan kullum da sabon zance, jiya akuya, yau tsamiya, na rasa wanda zan riƙe."

Dila ya ce, "Wannan ai shirme ne irin na matan ƙauye. Ni na taɓa laɓewa a bayan zauren mai gari, na ji yadda mutane ke magana in suna neman abu. Saurara ki koya."

Sai Kura ta koma gindin tsamiya. Ta lanƙwasa murya ta ce, "Ranka ya daɗe, mai gadin dawa! Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka imani. Ga uwarka ta kawo gaisuwa da tuwo, a taimaka a sauko."

Da Haladu ya ji muryar sai ya kasa kunne, don ta Inna ce. Da ya ji maganar kuwa sai dariya ta kama shi, har ya kusa faɗowa. Ya ce, "Yaushe aka naɗa ni ban sani ba? Muryar dai kin aro, amma je ki tambaya ko a garinku uwa na yi wa ɗanta ranka ya daɗe."

Ya sako mata dutse na biyu. Ta koma wurin Dila da ƙulu a goshi, tana cewa yau shi za ta ci.

Dila ya ce, "Yi haƙuri, ba ni yini ɗaya."

Ya je ya kwanta cikin dawa, ya kasa kunne. Bayan Lantana ta zo ta tafi, sai ya ji yaro ya ɗauki waƙarsa. Dila ya yi murmushi ya dawo.

Ya ce, "Kura, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na ga tsagar. Sunansa Haladu. Uwar ba ta ƙaunarsa, ko sunansa ba ta iya faɗa, shi kuma ƙishin abin ke kashe shi. Ki kira shi da sunan, ki haɗa da ɗana. Ko igiyar ba ta kai ƙasa ba zai diro."

Kun ga Dila da wayo, ya ji komai da kunnensa, amma bai san mutane ba. Sai dai fa tarkon da ya ɗana mugu ne, don a daidai ciwon yaron ya ɗana shi.

Kashegari, rana ta kusa tsakiya, Haladu na zaune yana gyaran majajjawa, sai ya ji muryar Inna daga ƙasa, a hankali, da taushi.

"Haladu. Haladu ɗana, ɗan farina, sauko in gan ka."

Majajjawa ta suɓuce daga hannunsa. Abin da ya yi ta jira tun yana rarrafe, yau ga shi a gindin tsamiya. Bai san lokacin da hawaye ya wanke masa fuska ba, bai san lokacin da ya jefa igiya ba. Ya kama sauka, ƙulli bayan ƙulli, yana cewa a ransa, ashe tana sona, ashe tana sona.

Ya kai rabi, ganye kaɗan ya rage tsakaninsa da ƙasa, sai wani abu ya faɗo masa a rai. Ya tuna shekarar da ya yi ƙyanda, har aka fid da rai da shi. Yana kwance a ɗakin Kaka, Inna na zaune a bakin ƙofa ta ba shi baya, tana tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe. Ya ji ta ce, "Iya, ku duba mutumin naku, kamar numfashinsa ya canja." Ranar ma ba ta faɗa ba. To wadda ba ta faɗa ba a bakin mutuwa, yau za ta faɗa a kan tuwo?

Sai ya tsaya cak. Ya ce, "Inna, me kika ce? Iska ta hana ni ji."

Muryar ta ce, "Haladu na ce, ɗana."

Ya ce, "Ƙara faɗa, Inna."

Kura ta ga ƙafa na lilo a cikin ganye, yawu ya cika mata baki, sai ta saki jiki. "Haladu, Haladu, Haladu! Sauko mana, Haladu!" Tana jero shi kamar mai tallar gyaɗa.

Nan ya tabbata. Sunan ba shi da nauyi ko kaɗan a bakin nan. Ya juya zai koma sama, sai Kura ta daka tsalle ta cafki dunduniyarsa tare da igiyar. Igiya ta tsinke daga ƙarƙashin hannunsa, Kura ta faɗo da guntun igiya da fatar dunduniya a baki, hularsa ta bi ta. Yaro ya ja jiki da ƙarfin hali ya kai gado, ya turo dutsen da ya fi kowanne girma. Dutse ya keto ganye ya sauka a ƙugun Kura, tim! Ta kurma ihu, muryar aro ta fashe, ta ja gindi ta shige daji. Shi ya sa har yau kuke ganin bayan kura a zube, kukanta kuma ba a san ko dariya ba ne ko kuka. Dila kuwa da ya fito tambayar cinyarsa, da ƙyar ya tsira da tasa.

Haladu ya yage rigarsa ya ɗaure ƙafar. Jini ya zuba da yawa, sai ya ga duhu-duhu, ya suma.

Da azahar sai ga Lantana. Ta yi gyaran murya ta ce, "Yau rana ta yi zafi, ko ƙuda ya ƙi tashi." Shiru. Ta ajiye ƙwarya ta ce, "Ga abinci nan, in da mai ci." Shiru. Sai ta dubi ƙasa. Ga sawun kura, ga jini, ga guntun igiya, ga hula a yashe.

Ƙarar faɗuwar lauje ce ta farkar da Haladu. Ya ja ciki zuwa bakin gado, ya leƙa ta kafar da dutsen ya huda a ganye. Sai ya ga Inna durƙushe, ta ɗauki hularsa ta rungume a ƙirji. Ya buɗe baki zai yi magana, maƙogwaro ya bushe, murya ta ƙi fita. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba kowa sai dawa. Sai ta sa fuskarta a cikin hular.

Ta ce, "Haladu."

Sau ɗaya. A hankali, da ƙyar, kamar ana zare mata ƙaya daga zuciya. Ba ta ƙara da ɗana ba, ba ta ƙara da komai ba, sai kafaɗunta da ke rawa.

Wayyo, yara, ko ni da nake ba ku labarin sai na ji idona ya kawo ruwa. A nan Haladu ya gane tulun zuman Kaka. Ya gane ƙwan da ke ƙarƙashin tuwo. Ya gane garin da aka tankaɗe sau biyu.

Murya ta dawo masa. Na'am ta taso tun daga cikinsa ta zo bakinsa, na'am ɗin da ya tanada tun yana ƙarami. Amma sai ya yi tunani. Ita fa ta faɗa ne don ta ɗauka ba mai ji. In ya amsa, ya buɗe mata abin da ta rufe duk tsawon rayuwarsa, kuma ba za ta ƙara iya haɗa ido da shi ba. Sai ya haɗiye na'am ɗinsa, ya ja da baya a hankali. Ya ɗan jira. Sannan ya lalubi tsakuwa ya jefa can cikin dawa, ya yi hamma mai ƙarfi irin ta wanda ya tashi daga barci, ya ɗaga murya.

"Kai, jan-baki! Mutum ya ɗan runtsa kun cika gona? Ku tashi!"

Lantana ta daɗe ba ta motsa ba. Can ta miƙe, ta share fuska da bakin zane, ta kakkaɓe hular ta ɗora a kan faifan ƙwarya. Ta juya wa tsamiya baya.

Ta ce, "Wasu dai ko hula ba su iya riƙewa ba." Muryar ta karye, ta tsaya ta gyara ta. "Ga abinci nan, in da mai ci."

Ya ce, "Inna, sannu da zuwa. Igiyar ce ta tsinke."

Ta kwance ɗamararta ta ƙulla da guntun igiyar, ta jefa masa, ya haɗa da sauran ya sauko da ƙafa ɗaya. Ba ta tambaye shi ko ya ji wani abu ba, shi ma bai ce ya ji ba. Ta dubi ƙafar, ta tauna ganye ta manna, ta sake ɗaurewa tam. Sannan ta durƙusa ta ba shi baya. Ƙaton yaro, ƙafafunsa har suna jan ciyawa, ta goya shi tun daga bakin daji har gida. Duk tsawon hanyar nan faɗa take yi, ta yi wa ƙaya, ta yi wa rana, ta yi wa baffan da ya murza igiya ba ƙwari. Shi kuwa ya kwantar da kai a bayanta yana saurare, don yanzu ya san da wa take.

Baffa ya ƙarasa gadin, aka girbe dawa, rumbu ya cika. Haladu ya warke, sai ɗan ɗingishi da ya bi shi har tsufa. Ya yi gemu kuwa, ya ƙaryata Kaka. Lantana ta ga jikoki, tana ta kiran sunayensu tana tsokanarsu, amma nasa ba ta ƙara faɗa ba har ta koma ga Allah. Shi ma bai ƙara yin waƙar nan ba. In abokai suka ce masa, "Kai dai ba ka taɓa jin sunanka a bakin uwarka ba," sai ya yi murmushi ya ce, "Haka ne," ya shafa dunduniyarsa.

To kun ji. Magana ba a baki kaɗai take ba. Ku riƙa duba wa ya faɗa, wa ya faɗa wa, kuma a ina. Kura ta samu murya, ta samu suna, ta faɗa ba adadi, duk a banza. Lantana sau ɗaya ta faɗa, cikin hula, ya ishi ɗanta har kabari. In kuma kun ce to wa ya ba da labari tunda su biyun sun yi shiru, tsamiyar tana nan, ku je ku tambaye ta.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa tukunya, wanda ya riga tashi shi zai tsamo. Kai kuma babban, na ji uwarka tana gaya wa bango cewa ba a ɗaure akuya ba. Tashi.